Rasuwar Malam Illiya Chaibou da Katin da Ya Bari a Ɗakin Danshi

Cikin alhini, da sallamawa ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Shugaban Koperatif Tawada, wato haɗin gwiwar masu gidajen buga takardu na birnin Agadas, Alhaji Zaharaddin Sadiƙ, da ƴan biro, wato kwamitin gudanarwar ƙungiya, da masu gidajen bugu da ma'aikatansu maza da mata, suna sanar da abokan hulɗa da jama'a baki ɗaya cewa sun karɓi labarin rasuwar babban mai duba ingancin aikinsu, Shef Malam Illiya Chaibou, wanda Allah Ya yi wa cikawa a asibiti a nan Agadas bayan gajeriyar jinya, aka yi masa sutura a ranar kamar yadda addini ya tanada. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Wannan saƙo ya makara. An yi sadakar uku, an yi ta bakwai, ƙungiyoyin da ba su san marigayin kamar yadda muka san shi ba duk sun riga mu fitar da nasu. Abin da ya tsayar da mu shi ne Malam Illiya ya rasu ya bar aiki ɗaya a hannunmu bai kammala ba, wato katin gayyatar auren ƴarsa Nafisa, wanda za a ɗaura bayan sadakar arba'in, a ranar da shi da kansa ya tsayar tare da dangin ango. Iyali sun roƙe mu mu ƙarasa katin, muka ga bai dace mu yi musu ta'aziyya a rubuce ba alhali ba mu san amsar da za mu ba su a kansa ba. Yanzu mun san ta. Ba ita muka so ba, amma ita ke gare mu, kuma za mu faɗe ta a wannan takarda bayan mun faɗi wane ne mutumin da muka rasa.

An haifi marigayin a Dabaga, cikin gidan masu garka. Ya yi lekol, wato makarantar boko, a nan Agadas, ya wuce makarantar koyon sana'a a Yamai, ya fito da difilom a fannin bugun takardu, wanda ya rataye a bangon atiliye, ɗakin aikinmu, daidai inda duk mai shigowa zai gan shi kafin ya ga mai shi. Ya yi shekaru masu yawa yana aiki a wata babbar maɗaba'a a can, sannan ya dawo gida lokacin da gidajen bugunmu suka haɗa hannu suka sayi tsohon mashin ɗin gofiraj, don babu gida ɗaya a cikinmu da zai iya riƙe shi shi kaɗai. Ga wanda bai san gofiraj ba, shi ne a sa takarda tsakanin ƙarafa biyu masu zane, a matse ta har zanen ya taso ya yi tudu, ido ya gan shi, yatsa ya ji shi. Da shi ake yin katin aure na alfarma, da takardun shaida, da etiketin da ake mannawa a kwalin dabino da na gishiri. Tun daga ranar da mashin ɗin ya fara aiki, dokar ƙungiya ita ce ba a buga komand, wato aikin da aka yi oda, ko na wane ne, sai Malam Illiya ya duba samfuri ya rubuta “bon à tirer” a ƙasansa ya sa hannu, ma'ana a ci gaba da bugu. Kalmomi uku ne, amma akwai masu gidajen bugu a cikinmu da suka yi furfura suna jiran su.

Ba ya duba aiki sai da safe, a bakin ƙofa, lokacin da hasken rana ke shigowa a kwance. Yakan karkata takardar har inuwar zanen ta fito, ya duba ko tudun ya hau daidai kan tawada ko ya kauce, ya juya bayanta ya ga ko ƙarfen ya bar sawu inda bai kamata ba, sannan ya bi gefen zanen da ɗan yatsa yana neman tsaga. Ba ya yarda da takardar da ke saman tari, yana cewa ita ce wadda aka tanadar masa. Sai ya zaro daga tsakiya, ya zaro daga ƙasa, domin a faɗarsa ƙarfe yana ɗumama in aiki ya yi nisa, matsin farko ba shi ne na ƙarshe ba. In samfuri ya tsallake duk wannan, sai ya sa shi cikin ambulop ya ba mai kabu-kabu ya zauna a kai ya zagaya gari ya dawo, in tudun ya kwanta a sake. Masu kabu-kabu na unguwar sun san wannan aiki, kuma muna da labarin suna sonsa, don fasinja ne da ba ya gardama.

Babban abokin gabarsa shi ne bushewar garin nan. Takarda tana isowa cikin kamiyo, babbar motar kaya, bayan doguwar tafiya, ta zauna a iskar Agadas ta bushe ƙayau, in aka matse ta a haka sai ta tsage a bakin zane. Don haka ya mai da wani ɗan ɗakin ƙasa marar taga da ke bayan atiliye ya zama ɗakin danshi. Ya jera tuluna a ciki, ya rataye jiƙaƙƙun buhuna, ya kafa ma'aunin danshi a bango, kuma kowace takarda sai ta kwana a can gwargwadon kaurinta kafin ta ga mashin. Safe da yamma yana ƙara ruwa da hannunsa. Ya sa wa ƙofar kwaɗon da ya saya da kansa, makullin kuma ba ya barin aljihun rigarsa.

Ba za mu ci mutuncin marigayin da cewa mutum ne mai sauƙin zama ba. Shi da kansa da bai sa hannu a kan irin wannan magana ba. Ya taɓa mayar wa Shugaban ƙungiya aikin gidan bugunsa a gaban kiliyan, wato wanda ya kawo aikin, yana cewa: “Alhaji, wannan kati ne ko gurasa? In gurasa ce a kawo miya.” Mai sa hannu a wannan takarda, wadda aikinta ya haɗa da ba kiliyan haƙuri, ta sha jin: “Madam Sekretar, ke kina da Faransanci mai daɗi, je ki gaya musu da shi cewa ba yau ba.” Kuma ba kullum yake da gaskiya ba. Akwai shekarar da ya ƙi etiketin wasu mata masu sayar da dabinon Bilma saboda wani ɗan kauce da babu wanda ya gani sai shi, matan suka gaji da jira suka kwashe waɗanda ya ƙi daga kwandon shara, suka manna, suka sayar da kayansu kaf, suka dawo suna neman irinsu. Bai yi musu magana ba har shekara ta zagayo. Amma a tsawon zamansa da mu ba a taɓa dawo mana da kati daga gidan biki an ce ya tsage a hannun baƙo ba, kuma saboda shi ne mutanen da suka saba aika aikinsu Yamai suka fara kawo shi nan.

Ƙungiya ta san wata rana za a wayi gari babu shi. Ta yi taro a kan haka, ta yanke shawara a haɗa shi da Marwan, wanda muke kira Mushe Marwan da laƙabin Faransanci, mai sarrafa mashin ɗin gofiraj, magidanci mai haƙuri, don ya koya. Malam Illiya ya karɓi shawarar da ladabi, ya ba Mushe Marwan aikin ɗauko ruwa zuwa bakin ƙofar ɗakin danshi, iyakarsa ke nan. In an tambaye shi sai ya ce: “Ai yana koyo. Ina sauri? Ko kun ji an ce zan mutu?” Muna dariya mu bar maganar. An rubuta a sakamakon taro cewa an ɗauki mataki.

Katin Nafisa kuwa ya fara shirinsa tun kafin a sa rana. Ya sa wani ɗan kasuwa ya nemo masa takarda mai kauri ta auduga, launin madara, irin wadda ba a samu a nan, ta zo ta doguwar hanya kuma ba ta da yawa. Ya je tsohon gari wurin wani maƙerin azurfa ya sa ya sassaƙa masa reshen dabino a jikin tagulla, mai siraran ganye kamar na garkar mahaifinsa, ya mayar masa da shi ya fi a ƙirga har maƙerin ya rantse ba zai sake karɓar aikin ɗan boko ba. Da ƙarfen ya yi masa, ya ɗora shi a mashin, ya yini yana murɗa bis ɗin da ke ƙara matsi ko rage shi yana gwadawa a kan wata takarda, har ya tsaya inda yake so. Ya shigar da takardar auduga ɗakin danshi ya kulle, ya ce ta sha iska tukuna. Washegari ya faɗi a bakin masallaci. Bai sake dawowa atiliye ba.

Abin da ya biyo baya muna faɗarsa ne don iyali suna da haƙƙin ji daga bakinmu. Da aka yi jana'iza aka kai rigar marigayin gida, makullin yana cikin aljihu. Lokacin bazara ne, kowa a cikinmu ya san tulu ba ya daɗewa da ruwa a irin wannan zafi, kuma kowa ya san abin da ke cikin ɗakin. Masu gidajen bugu suka zauna a kan tabarmi a ƙofar gidan makoki suna karɓar gaisuwa, suna duban juna. Babu wanda ya iya buɗe baki ya aika a tambayi matar da ta shiga takaba jiya makullin wurin aiki, kamar abin da ya dame mu ke nan. An kawo shawarar a ɓalle kwaɗon, Alhaji Zaharaddin ya ce shi ba zai zama mutumin da ya fasa ƙofar mamaci tun ƙasar kabarinsa ba ta kwanta ba, ga shi kwaɗon na marigayi ne, ya zama kayan magada. Mai sa hannu a wannan takarda tana cikin gida tare da mata, kusa da uwargida Hajiya Souwaiba, rigar tana rataye a ƙusa inda take ganinta. Ita ma ta yi abin da mazan suka yi. Kowa ya ce bari a yi sadakar uku. Da aka yi ta uku, baƙi na Dabaga ba su watse ba, aka ce to bari a yi ta bakwai.

Ranar bakwai Hajiya Souwaiba tana haɗa kayan mijinta don a yi sadaka da su ta ji makullin. Ta aiko da shi da saƙo gajere: “Ku ce wa su Alhaji, mi ya hana su tambaya? Ni ban san yana nan ba. Katin ɗiyata ne fa.” Mu dai mun kiyaye ladabi, ladabin kuma ya cika, ba wanda zai ce ƴan Koperatif Tawada sun yi rashin ta ido a gidan mutuwa.

Muka buɗe ɗakin muka tarar tuluna sun ƙafe, buhuna sun sandare, takardar ta sha danshi ta sake bushewa da gaggawa, gefunanta sun ɗan tashi. Mun cika tuluna, mun jiƙa buhuna, mun jira. Ma'aunin da ke bango yana nuna lamba, dukanmu mun iya karanta ta, babu wanda ya san wace lamba marigayin ke jira ga wannan irin takarda, ko kwana nawa yake nufin ta yi. Mushe Marwan ya ce shi iyakar saninsa nauyin jarka. Mun kira wani tsohon abokin aikin marigayin a Yamai, ya ce su can kilimatizar ke gare su, na'urar sanyaya ɗaki, bai san aikin tulu ba, ya yi mana ta'aziyya. Mun koma wurin ɗan kasuwa, ya ce ko an yi komand yau takardar ba za ta iso kafin ranar ɗaurin aure ba. Muka fara gwaji, kowane gwaji yana cin takarda ɗaya daga abin da dama bai wadata ba. Reshen yana fitowa da kyau ƙwarai, amma a bakin siraran ganyen akwai tsaga, ƙarama, wadda sai an karkata katin a haske ake gani, yatsa kuwa yana jin ta nan take.

Hanya biyu suka rage. Ko a sassauta bis ɗin a rage matsi, takarda ta fita lafiya amma reshen ya zama inuwar kansa, ya kwanta tun yana cikin ambulop, ko a bar matsin inda marigayin ya tsayar da shi, reshen ya tashi sosai ya tsage. Biro ya zauna a kan wannan har sau biyu. Wasu suka ce sunan ƙungiya ba zai fita a kan tsagaggen kati ba, wasu suka ce kati marar tudu ai kowane mai fotokopi a bakin kasuwa zai yi shi. Aka miƙa wa Shugaba alƙalami ya sa hannu a kan ɗaya daga cikin samfuran biyu, ya ce idonsa ba shi da kyau kwanan nan. Aka miƙa wa Mushe Marwan, ya sa hannuwansa a aljihu. A ƙarshe aka amince baki ɗaya, kuma wannan ne karo na farko da aka amince baki ɗaya a kan wani abu tun rasuwar, cewa a kira mai katin.

Malama Nafisa Illiya, wadda ke koyarwa a wata makarantar firamare ta garin nan, ta zo da safe kafin ta wuce aji. Aka ajiye mata samfuran biyu, aka yi mata bayani mai tsawo, kowa yana ƙara nasa. Ta saurara har aka gama. Ta shafa na farko, ta shafa na biyu, ta tambaya ko akwai wanda ya taɓa bis ɗin bayan mahaifinta. Mushe Marwan ya ce ya sassauta shi don gwaji, amma ya yi masa alama da alli kafin ya taɓa, ya kuma mayar da shi daidai inda yake. Sai ta juya ga mai sa hannu a wannan takarda ta ce: “Tanti, ku bar shi inda Baba ya bar shi. In ta tsage ta tsage. Ai ba ɓoye wa mutane za mu yi ba cewa an yi rashi a gidanmu.” Alhaji Zaharaddin ya fara cewa mahaifinta da bai yarda ba, ta ce: “Na sani, Kawu. Da ya zage ku, da ya zage ni. To ba ya nan.” Ta ɗauki jakarta ta tafi lekol. An buga katin a ranar, takardar ta isa da ƙyar.

Saboda haka Shugaba, da ƴan biro, da dukan ƴan Koperatif Tawada suna miƙa ta'aziyyarsu ga uwargida Hajiya Souwaiba, da Malama Nafisa da ƴan'uwanta, da dangin marigayin na Dabaga da na Agadas, da surukansa, da duk wanda wannan rashi ya shafa. Muna roƙon Allah Mai rahama Ya gafarta wa Malam Illiya Chaibou, Ya yalwata kabarinsa, Ya yi masa hisabi mai sauƙi, wanda ya fi sauƙi nesa da irin wanda yake yi mana, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Muna roƙon Allah Ya ba Hajiya Souwaiba juriyar takaba da ta abin da ke bayanta, Ya ba ƴaƴansa haƙurin da mu ba mu da abin da za mu ƙara musu a kai, Ya sa albarka a auren da bai ga ɗaurinsa ba. Muna kuma neman gafarar iyali a kan abin da shirunmu ya jawo.

Muna sanar da abokan hulɗa cewa daga yau ƙungiya ta dakatar da karɓar aikin gofiraj. An lulluɓe mashin ɗin. Ba mu sa ranar buɗe shi ba, domin ba mu san wanda za mu jira ba.

Daga ƙarshe, ga ƴan'uwa da abokan arziki waɗanda katin auren zai iso hannunsu cikin kwanakin nan: za ku ga reshen dabino ya tashi a kan farar takarda, in kun bi bakin ganyensa da yatsa za ku ji tsaga. Zanen nasa ne, zurfin matsin nasa ne, tsagar tamu ce, kada wani ya jingina ta ga marigayin ko a bayan idonmu. Wanda ya ji ta ya yi masa addu'a, sannan ya zo ɗaurin auren. Amarya ba ta da uban da zai tsaya a ƙofa ya tarbe ku, muna roƙon ku cika wurin.

Kadidia Baha'uddeen
Babbar Sekretar kuma Mai Magana da Yawun Koperatif Tawada
A madadin Shugaba da dukan ƴan ƙungiya
Agadas